Wa ya sa hannu a lasisin gidan giyar unguwarku? Tambayoyi da amsoshi

Rigimar da ake yi a kan gidajen giya a garuruwanmu kusan kullum wuri ɗaya take tsayawa: a rufe ko a bari. Amma kafin a kai can akwai takarda, akwai wanda ya sa mata hannu, akwai kuɗin da aka biya, kuma da wuya ka ji wani ya tambayi ko ɗaya daga cikin ukun nan. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda mutanen unguwa ke yi ne ranar da aka wayi gari shagon da aka sani da lemo da ruwan leda ya jera fararen kujerun roba a bakin titi, ya kafa sifika.

Ni ba na sha, ba na sayarwa. Me ya haɗa ni da lasisin giya?

Barcinka ya haɗa ka da shi, da hanyar da 'ya'yanka ke bi zuwa Islamiyya ko coci, da kwatar da ke bayan katangarka. Lasisi alkawari ne da mai mashaya ya ɗauka a gaban hukuma: ga inda zai yi sana'arsa, ga lokacin buɗewa da na tashi, ba zai sayar wa yara ba. Wanda aka yi alkawarin dominsa shi ne maƙwabci. Idan maƙwabcin bai san abin da ke cikin takardar ba, to an yi alkawari a bayan idonsa, kuma ba shi da abin riƙewa ranar da aka saɓa.

Wasu na jin cewa tambayar lasisi kamar yarda da sana'ar ce. Tambayar "wa ya ba shi izini, a kan wane sharaɗi" ba ta halatta komai ba. Ita ce ma ƙofar da mai son a rufe wurin zai bi in yana son maganarsa ta yi nauyi a ofis ko a kotu.

To wace hukuma ce ke da hurumin ba da lasisin?

Ƙaramar hukuma. Kundin tsarin mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci ba da lasisi da tsarawa da sa ido a kan sayar da barasa, a layi ɗaya da kula da shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi da wuraren wanki. Dokar haraji ta 1998, wadda ta raba wa gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi abin da kowa zai karɓa, ita ma ta sa kuɗin lasisin giya a kason ƙaramar hukuma. A Abuja, ƙananan hukumomin birnin guda shida ne ke wannan aiki.

Sai dai ƙaramar hukuma ba ta aiki a sarari ita kaɗai. Majalisar dokokin jiha ce ke yin dokar da ake bi, kuma wasu jihohin sun kafa hukumar lasisin barasa tasu, kamar Neja. Daga nan ne ruɗani ke farawa. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, kowace jiha da dokarta, kuma idan abu ya lalace sai ka ji sakatariya na cewa jiha ce ta bayar, jiha na cewa ku koma wajen ciyaman ɗinku. Abin da za ka fara tabbatarwa ke nan: a jiharku, tambarin wa ke kan takardar.

Lasisin iri ɗaya ne ga kowa?

A'a. Akwai na wanda za a zauna a sha a wurinsa, akwai na wanda za a saya a tafi da ita, akwai na otal, na kulob, na dillalin sari, da na wucin gadi don biki ko taro. Wannan bambancin shi ne inda aka fi yin coge. Mutum ya karɓi na "saya ka tafi" saboda ya fi sauƙi, bayan wata biyu ya sayo kujeru ashirin da janareta, mai suya ya kafa tukuba a gefe. Takarda dai yana da ita, amma ba ta abin da yake yi ba ce.

Tun yaushe aka fara wannan tsarin?

Tun kafin a haɗa Najeriya. A taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma da Turawan Ingila suka ci Arewa sai suka sa ta cikin yankin haramci. Kudu kuwa kuɗin fiton barasar da ake saukewa a Legas yana cikin manyan abubuwan da ke riƙe baitulmalin gwamnati. Ita giyar ba ta ɓace daga Arewa ba, wuri aka keɓe mata: kulob ɗin Turawa, barikin soja, da Sabon Gari. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa da ta fara aiki a 1960 ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya ba don magani ba, amma ba ta hana wanda ba Musulmi ba.

Wato tun asali tsarin namu na raba wuri ne da raba mutane: nan an yarda, can ba a yarda ba, wannan zai sha, wancan ba zai sha ba. Tsari irin wannan ba ya tafiya sai da rubutu bayyananne, don iyaka ce gaba ɗayansa. Garuruwa sun faɗaɗa, Sabon Gari ya shige tsakiyar birni, unguwanni sun cakuɗa, amma taswirar da ke nuna iyakar ba a manna ta a bangon kowace sakatariya ba.

A jihohin da ke Shari'a ai magana ta ƙare, tunda an haramta. Ko ba haka ba?

Da ma haka ne da an huta. Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, ta fara aiki a farkon 2000, jihohi goma sha ɗaya suka biyo baya. Amma ba salo ɗaya suka ɗauka ba. Kaduna, alal misali, ta bar abin ya bi yanayin al'ummar kowane yanki, shi ya sa abin da ba za ka gani a Tudun Wada ba za ka gan shi a Barnawa ko Sabon Tasha, kuma kamfanin giya na Kakuri bai daina aiki ba a lokacin. A Kano an yi dokar Hisba a 2003, sannan a 2004 aka yi dokar da ta hana sayarwa da shan giya a faɗin jihar.

Duk wanda ya san Kano ya san sauran labarin. A Nuwamban 2013 Hisba ta sa katafila ta murƙushe kwalabe wajen 240,000 a bainar jama'a. A Fabrairun 2022 an fasa kusan kwalba miliyan huɗu. Kuma a daren kowace ranar da aka fasa kwalaben, wasu titunan Sabon Gari a ƙaramar hukumar Fagge ba su canja kama ba.

A nan ne nake ganin mai goyon bayan haramci ya fi kowa buƙatar a buɗe littafi. Inda ake ba da lasisi, aƙalla akwai rasit. Inda doka ta ce babu, alhali ido na ganin akwai, to ba rasit, ba rajista, ba sharaɗi, ba lokacin tashi. Wurin da ke buɗe shekara da shekaru ba tare da takarda ba, wani ne ke kau da kai, kuma kau da kai a ƙasar nan ba kasafai ake yin sa kyauta ba. Tambayoyin da suka dace a irin wannan jiha daban suke: mota nawa aka kama a bana, umarnin wace kotu aka bi kafin a fasa kayan, nawa aka kama nawa aka fasa, mutum nawa aka gurfanar, me ya sa aka kama wannan aka bar wancan. Hukumar da ke aikinta tsakani da Allah ba abin da zai rage ta idan ta wallafa waɗannan alƙaluma duk wata uku. Hasali ma shi ne zai rufe bakin masu cewa ana zaɓen wanda za a kama.

Barikin soja da na 'yan sanda fa?

Kasuwar mami, wato kasuwar bariki inda ake sayar da giya, tana cikin harabar hukumomin tarayya, kuma a aikace shugabannin barikin ne ke tsara ta. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ba ya shiga can da littafin rasit, Hisba ma ba ta shiga. Idan hayaniyar tana damun gidajen da ke jikin katanga, takardar koke ga kwamandan barikin, ta hannun hakimi ko mai unguwa, ta fi zuwa sakatariya amfani.

Ta yaya zan san ko mashayar da ke kusa da ni tana da lasisi?

Hanya mafi kusa ita ce ka duba bango. Lasisi abin ratayewa ne inda kowa zai gani, kamar takardar shagon magani. Amma ba kowa ne zai iya shiga mashaya yana leƙen bango ba, musamman dattijo ko matar aure, don haka sai a nufi sashen haraji na ƙaramar hukuma.

Na taɓa raka wani dattijo maƙwabcinmu irin wannan tafiya. Tsohon malamin firamare ne, ya sa farar riga da hula zanna, ya riƙo takardarsa a cikin leda don kada gumi ya ɓata ta. Ofishin ɗaki ɗaya ne, tebur uku, fanka ba ta juyawa, wata ma'aikaciya na ɓare gyaɗa a kan wani dogon littafi mai baƙin bango. Ya yi sallama, ya ce, "'Yata, rajistar masu lasisin giya na unguwarmu nake so in gani." Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Baba, kai ma buɗewa za ka yi?" Aka yi dariya. Da ta ga ba wasa ya kawo shi ba sai ta ce oga ya fita, makullin kabad yana hannunsa, a dawo Laraba. Ranar Laraba aka ce ana taro. Sai a zuwa na uku muka gane cewa littafin da ake ɓare gyaɗa a kansa shi ne rajistar. Sunaye goma sha wani abu ne a ciki na shekarar, alhali a titi ɗaya na unguwarmu za ka ƙirga fiye da haka.

Abin da muka koya: da baki ba a samun komai. A rubuta, a kai kwafi biyu, a sa su buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka.

Akwai dokar da ta tilasta musu su nuna mini?

Akwai. Dokar 'yancin samun bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Abubuwan da ya kamata ka riƙe daga cikinta:

Ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake son bayanin ba. Hukuma tana da kwana bakwai ta ba ka amsa, tana iya ƙara wasu bakwai idan takardun na da yawa ko sai ta tuntuɓi wata hukumar. In za ta hana, dole ta rubuto ta faɗi dalili da sashen dokar da ta dogara da shi. Kuɗin da za a caje ka bai wuce na kwafe takardu ba. Wanda bai iya rubutu ba, ko mai naƙasa, yana iya nema ta hannun wani.

Shekaru da yawa jihohi na fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba sai majalisarsu ta yi tata. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, ta yanke cewa dokar ta shafi jihohi ma. Wannan uzurin ya faɗi, ko da yake za ka iske ma'aikatan da labarin bai kai musu ba. Ba laifi ka ambaci hukuncin a cikin takardarka.

Me zan rubuta a ciki?

Ka taƙaita, ka fayyace. Takardar da ta ce "muna son bayani a kan gidajen giya" kabad za ta shige. Ka nemi abu mai lamba: jerin wuraren da aka ba lasisin sayar da barasa a gundumar kaza daga Janairu zuwa yau, da adireshi da irin lasisin kowanne da ranar ƙarewarsa, kwafin dokar ƙaramar hukuma da ta ƙayyade kuɗi da sharuɗɗa, jimillar kuɗin da aka tara daga lasisin a bara da asusun da aka zuba su, adadin lasisin da aka ƙi bayarwa ko aka soke. Ka aika wa ciyaman, ka ba sakataren ƙaramar hukuma kwafi.

Tambayar ƙarshen nan, ta waɗanda aka ƙi ko aka soke, ita ce mai tona asiri. Ofishin da ya shekara biyar bai taɓa ƙin kowa ba, bai soke na kowa ba, ba tantancewa yake yi ba, sayar da takarda yake yi.

Kada ka nemi lambar wayar mai shago ko adireshin gidansa. Dokar ta kare bayanan sirrin mutum, kuma za ka ba su hujjar ƙin amsa gaba ɗaya.

In suka yi shiru fa?

Shiru bayan wa'adi, a idon doka, ƙi ne. Kana da kwana 30 ka kai ƙara babbar kotu, kuma idan kotu ta tabbatar an hana ka ba bisa ƙa'ida ba akwai tarar naira 500,000. Wanda ya lalata ko ya sauya takarda don kada a gani, ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne. Gaskiyar magana, talaka ɗaya ba zai ɗauki lauya saboda rajista ba. Shi ya sa ake yin abin da sunan ƙungiyar unguwa. Kafin kotu kuma akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, mai ofis a kowace jiha, kyauta take aiki. Idan abin da kuka gano ya nuna kuɗi na shiga aljihu, wannan na hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ne.

Mai unguwa da kansila ba su da ta cewa?

Mai unguwa ba ya ba da lasisi, ba ya sokewa. Amma shi ne ya san wane gida ne aka mayar mashaya, wa ya ba da haya, kuma takardar koke da ta bi ta hannunsa zuwa dagaci da hakimi ba a jefar da ita kamar ta mutum ɗaya. Matsalar ita ce sau da yawa shi ma sai dai ya gani kamar kowa, ba wanda ya tuntuɓe shi. Wani lokacin kuma an tuntuɓe shi, an kai masa gaisuwa, shi ya sa ya yi gum. Ku tambaye shi a gaban jama'a, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, an zo wajenka kafin a buɗe wurin nan?" Amsar, ko wace iri ce, za ta yi muku amfani.

Kansila shi ne aikin ya fi hawa kansa. Majalisar kansiloli ce ke yin dokokin ƙaramar hukuma, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, tana da ikon kiran shugaban sashen haraji ya yi bayani. Ƙalilan ne ke yi. Inda kuma kantoman riƙo ne gwamna ya naɗa, babu ma kansilan da za a kama. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma ya haramta shugabancin riƙo, ya ɗan ƙarfafa hannun mai tambaya: wanda ya ce shi zaɓaɓɓe ne mai cin gashin kansa ba zai kuma ce komai sai an tambayi gidan gwamnati ba.

Ana cewa jihohin da suka hana giya suna cin harajinta. Gaskiya ne?

Kuɗi uku ne ake cakuɗawa a wannan muhawara. Kuɗin lasisi na ƙaramar hukuma ne, jihar da ta hana ba ta karɓarsa. Harajin da ake ɗora wa giya a masana'anta hukumar kwastan ke karɓa. Sai harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, ana tara shi daga kusan kowace irin haja, har da giya, a zuba a tukunya ɗaya a raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Don haka e, akwai kuɗin giya a cikin abin da kowace jiha ke karɓa, kamar yadda akwai kuɗin siminti da na katin waya da mutanen Kano da Sakkwato suka biya a cikin abin da Ribas ke karɓa. Wannan ce ta yi zafi a 2021 lokacin da gwamnatin Ribas ta yi nasara a babbar kotun tarayya ta Fatakwal a kan wa ya kamata ya karɓi harajin.

Muhawarar tana da daɗin yi a rediyo. Amma kuɗin da kai za ka iya bin sawunsa da ƙafarka shi ne na farkon, ɗan ƙaramin, wanda yaran haraji ke karɓa da rasit ɗin da ba lamba.

Ina NAFDAC ta shigo?

Ita abin da ke cikin kwalba ta sani, ba wurin da ake sayarwa ba. Tana yi wa kaya rajista, tana kama jabu. Babbar rigimarta ta 'yan shekarun nan ita ce barasar leda da ƙananan robobi da ba su kai mililita 200 ba, irin waɗanda ake ratayawa a tashar mota kamar alawa, ɗan makaranta ya saya da kuɗin tara ya sa a aljihu. An yi yarjejeniya da masana'antu a Disamban 2018 aka ba su shekara biyar, hukumar ta fara aiwatar da haramcin a Fabrairun 2024, masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca, aka ɗaga wa'adin zuwa ƙarshen 2025. Mai tebur da ke sayar da ledar nan a bakin tasha kusan bai taɓa ganin lasisin kowa ba, kuma shi ya fi mashaya kusa da yara.

Burkutu da ogogoro suna buƙatar lasisi?

A takarda, sayar da duk abin da ke bugarwa yana ƙarƙashin ƙaramar hukuma. A aikace, matan da ke dafa burkutu da fito a ƙauyukan Filato, kudancin Kaduna, Bauci ko Adamawa, abin da suka sani shi ne kuɗin ranar kasuwa. Haɗarin ya fi yawa a ogogoro da ake haɗawa da sinadari. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha wadda ke ɗauke da guba mai makantarwa. Da aka tashi neman inda ta fito, babu rajistar da za a buɗe a ga wa ke dafawa, wa ke sari.

Akwai inda ake yin abin a fili?

Ingila misali ce mai kyau don dokar barasarmu daga can aka kwafo tushenta, sai su suka gyara tasu. Dokarsu ta 2003, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2005, ta ɗauke lasisi daga hannun majistare ta ba majalisun ƙananan hukumomi. Mai nema dole ya manna sanarwa a kan takarda mai ruwan shuɗi a jikin ginin har kwana 28, ya kuma buga a jaridar yankin. A cikin kwanakin nan kowa na iya rubuta ƙorafi, muddin ya danganci ɗaya daga abubuwa huɗu: hana laifi da tarzoma, kare jama'a daga haɗari a wurin, hana damun maƙwabta, da kare yara. In an sami ƙorafi, kansiloli uku ke zama su saurari ɓangarorin a buɗe, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara kotun majistare cikin kwana 21. Rajistar lasisi a buɗe take ga kowa, yawancinsu a intanet. Ko bayan an ba da lasisi, maƙwabci na iya neman a sake duba shi. Sukotlan ta ƙara na biyar, wato kiwon lafiyar al'umma, kuma hukumominta na iya cewa mashaya ta yi yawa a unguwa kaza, ba ƙari.

Kusa da gida, Kenya ta yi dokar 2010 da aka fi sani da sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, John Mututho, wadda ta hana mashaya a tazarar da ba ta kai mita 300 daga makaranta ba. Ba a ce ana bin ta sau da ƙafa ba, amma iyaye na da lambar da za su auna da igiya.

Cikin duk wannan, abin da ya fi burge ni shi ne shuɗiyar takardar nan. Ba ta buƙatar kwamfuta ko tallafin ƙasar waje. Kwali ne da gam.

Wallafa jerin mashaya ba zai zama nuna wa 'yan tarzoma inda za su ƙona ba?

Tambaya ce ta gaske, kuma duk wanda ya ga rikicin Kaduna na 2000 ko na Jos na 2001 ba zai yi mata dariya ba. Otal-otal da mashaya suna cikin wuraren da ake fara kai wa hari idan gari ya rikice. Amma mashaya ba ɓoyayyen wuri ba ne, kiɗanta ma ya isa talla. Abin da ke ɓoye shi ne sharaɗinta da wanda ya ba ta izini. Kuma a iya ganina, abin da ke tura matasa ɗaukar doka a hannu shi ne jin cewa an kai kuka ko'ina ba a saurara ba, an saye kowa. A wallafa sunan wuri da irin lasisi da lokacin tashi, a bar sunan gida da lambar waya. Waɗanda suka nemi jerin kuma su san nauyin da suka ɗauka: takardar zuwa ofis ce da kotu, ba ta karantawa a lasifika bayan sallar Juma'a ba.

Ni mai otal ne, ina da lasisina. Wannan ba neman hana ni cin abinci ba ne?

Kai ne ma za ka fi cin riba. Ka ƙirga mutum nawa ke zuwa maka a wata da sunan hukuma: na ƙaramar hukuma, na jiha, duba-gari, na yawon buɗe ido, wasu da riga mai tambari da ba ka taɓa jin sunan ofishinsu ba. Idan kuɗin lasisi a rubuce yake a bango, asusun da za a biya sananne ne, sunanka na cikin rajista, to wanda ya zo da "oga ya ce" sai ka nuna masa lambarka. Wanda buɗe littafi zai ɓata wa ciniki shi ne na bayan layinka da bai biya ko sisi a banki ba, yana sayarwa har asuba.

Yaushe ya fi dacewa mu kai kokenmu?

Kafin sabuntawa. Lasisin na shekara ne, galibi yana ƙarewa da ƙarshen Disamba, don haka koken da ya isa a Oktoba ko Nuwamba yana iske fayil a buɗe. Wanda ya zo a Maris sai a ce an riga an karɓi kuɗin bana.

Kuma ku zo da abin da aka rubuta, ba "suna damunmu" kawai ba. Ku sami littafin makaranta mai shafi arba'in, mutum biyu ko uku su riƙa cikawa na wata guda: ranar kaza kiɗa ya kai ƙarfe 2:40 na dare, ranar kaza an ga yara biyu da kayan makaranta suna karɓar leda, ranar kaza an yi faɗa, an kira 'yan sanda, sun zo ƙarfe kaza. Ku auna tazarar wurin daga makaranta ko masallaci ko coci ko asibiti da taku, ku rubuta. Ku sa hannun magidanta da lambar gidajensu, Musulmi da Kirista in unguwar haɗaka ce, don kada a mayar da maganar ta addini a watsar. Sannan ku faɗi abin da kuke nema dalla-dalla: a soke, ko a dawo da lokacin tashi ƙarfe goma, ko a shigar da kujeru cikin gini, ko a cire sifikar waje. Kwafi ɗaya ga ciyaman, ɗaya ga kansila, ɗaya ga DPO, ɗaya ga hakimi, ɗaya mai hatimi a hannun sakataren ƙungiyarku.